Sunan da ke Cikin Ƙararrawar Baho

Falmouth,
14 ga Mayu, 1967

Zuwa ga 'yata Tamsin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Walter da jaririn da Allah ya ba ku. Allah ya raya shi, ya ba shi lafiya da tsawon rai, ke kuma ya ba ki ƙarfin reno. Ina yi miki ta'aziyyar mahaifiyarki Myrtle, ko da yake ta makara, domin ba mu ji rasuwar ba sai a wasiƙarki. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙurin rashi. Na san ta tun tana budurwa tana yankan tikiti a jirgin fito, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya tsayuwa kan katako mai rawa da kofin shayi a hannu kamarta ba.

Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Matata Edna, innarki ke nan, tana fama da gwiwa, amma bakinta ƙalau yake, don haka ba mu tayar da hankali ba. Ɗanmu Roy yana aikin walda a tashar gyaran jirage, 'yarmu Joyce kuma ta auri wani mai gidan burodi a Truro, 'ya'yanta uku, duk sun yi kumatu. Kakarki Selina, mahaifiyarmu da muke kira Inna, ta rasu shekara tara da suka wuce. Bana ruwan sama ya hana dankalina sakat, kifin ma ya yi mana rowa. Na duba taswira na ga garin naku na Kanada, na auna da yatsa, ko ta ina kwana da kwanaki ne kafin a kai teku. Ban san yadda mutane ke barci a wuri irin wannan ba, amma kowa da inda Allah ya ajiye shi.

Wasiƙarki ta iso tun tsakiyar Fabrairu, ga shi wata uku ban amsa ba. Edna ta ce in gaya miki hannuna ne ke ciwo. Hannuna lafiyarsa lau. Amsar ce ba ni da ita, kuma ni shekara arba'in na yi ina aikin inji, in ban zaro sandar awo na duba da idona ba, ba na cewa akwai mai. Kin ce kin tarar da hoton wani sojan ruwa a akwatin mahaifiyarki, da takardar haihuwarki mai sunan Trembath, kuma wata 'yar'uwarta ta shaida miki cewa dangin mutumin ba su karɓe ki ba, shi ma wai bai karɓe ki ba. Kin ce kina so ki sa wa yaron suna Denzil, amma kin dakatar da baftismarsa, don ba za ki ɗora wa ɗanki sunan mutumin da ya ƙi ki ba. A ƙarshe kika rubuta cewa in ba ki da ikon kira na Baffa in faɗa miki, ba za ki ji haushi ba. Wannan layin na karanta shi ya fi sau ashirin. To ga amsa, amma sai kin yi haƙuri da ni, don doguwa ce.

Zan fara da jirgin, domin ba za ki gane ƙanena Denzil ba sai kin san inda ya yi aiki. Ni da shi mun bar Falmouth ranar biyu ga Disamba, 1942. Ki riƙe wannan ranar, za mu dawo kanta. Na girme shi da shekara huɗu, kuma ni na roƙa aka haɗa mu jirgi ɗaya, don Inna ta sa na yi mata alkawarin sa masa ido. Aka kai mu Amirka mu karɓo wani sabon jirgi da suka ba mu aro, irin mai kai tankokin yaƙi har bakin gaɓa. Ba shi da suna, lamba kawai aka shafa masa a goshi. Ranar da muka gan shi, kukunmu, wani ɗan Sikotlan mai suna Archie Munro, ya kama ƙugu ya ce, to ga bahon wanka an sa masa inji, shi jirgin yana ina? Shi ke nan suna ya bi shi, Baho. Gindinsa a shafe yake kamar faranti don ya iya hawa yashi. Goshinsa manyan ƙofofi ne biyu, bayansu da wani ƙaton harshen ƙarfe da ake sauke wa tankoki su taka su fita. Cikinsa rumfa ce guda mai cin tanka goma sha takwas. A teku ba ya yanka ruwa kamar jirgin kirki, marin ruwan yake yi, ruwan kuma ya rama. Kwana ashirin da uku muka yi kafin mu tsallako, har Kyaftin sai da ya yi amai a hularsa.

Ni a ɗakin inji nake, can ƙasa inda ba a ganin komai sai dai a ji. Denzil kuwa shi ke riƙe da ankar baya, wato ƙatuwar ƙugiyar ƙarfen da ke kama ƙasan teku, kuma ga yadda aikin yake. Idan jirgi ya nufi gaɓa da gudu zai hau yashi, ana sakin anka ta baya tun ana cikin ruwa mai zurfi, waya tana warwarewa, don in an gama sauke kaya a naɗe wayar da inji, jirgin ya jawo kansa ya koma ruwa. In ka saki da wuri, waya ta ƙare kafin a kai gaɓa, anka da waya sun tafi ke nan. In ka makara, ba abin da zai ja ku, sai ku zauna kan yashi Jamusawa suna gyara saitinsu a kanku. Kyaftin ke ba da umarni, amma kowa ya san hannun Denzil yake jira ya ga ya ɗaga. Denzil ya bi wayar nan kaf ya shafa mata fenti, ja da fari, bayan kowane kamu ashirin, ya riƙa tsayawa yana ƙirgawa leɓɓansa na motsi. Jirage irin namu da yawa sun yar da ankarsu a teku. Baho bai taɓa yarwa ba.

Daga Afirka ta Arewa muka fara. Watan Yuli na 1943 muka kai tankoki Sisili, muka yi ta safa da motoci da fetur, har da alfadarai sittin sau ɗaya, waɗanda Archie ya ce su ne fasinjan da suka fi kowa ladabi, don ba su taɓa zagin girkinsa ba. A Satumba aka kai mu Salerno, kuma a nan ne muka sha wuya. Awa tara muka yi a kan yashi saboda wata tanka ta mutu a bakin ƙofa ta tare sauran. Harsashin igwa ya shiga kicin ta bango ɗaya ya fita ta ɗayan bai fashe ba, ya tafi da tukunyar wake. Mutum biyu muka rasa a saman jirgi. Da aka samu aka janye tankar, ruwa ya riga ya fara ja baya, jirgi ya kafe. Mu muna ƙasa muna ba inji wuta har ƙarfe na wari, Denzil yana baya yana lallaɓa waya, ya ja ya saki, ya ja ya saki, har Baho ya yi gurnani ya zame. Ranar ba wanda bai ba shi rabin kasonsa na barasa ba, ya ƙi sha, ya ce kansa ke ciwo.

Farkon Disamba muna Napoli jakar wasiƙu ta same mu. Denzil ya samu ta matarsa Myrtle, tana gaya masa ta haifi 'ya mace ranar ashirin da tara ga Oktoba. Ni kuma na samu ta Inna, ita ma labarin ke nan, sai dai ta jera mini watannin ɗaya bayan ɗaya a gefen takarda, daga Disamba zuwa Oktoba, ta ja layi a ƙasa. Wata goma sha ɗaya ne saura kwana uku. Ba zan ɓoye miki wannan ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na same shi da hantsi a bayan jirgi yana shafa wa waya mai, na miƙa masa takardar Inna. Ya karanta, ya ninke, ya mayar mini. Ya ce, Yaya, mutumin da ke ƙirga waya kamu ɗari uku ana harbinsa, wata goma sha ɗaya ne za su gagare shi? Na ƙirga tun kafin Inna ta nemo fensir. Na ce to me zai yi. Ya ce mai zai ƙarasa shafawa, in matsa masa daga haske. Iyakar maganar da muka yi ke nan, ni kuwa na ɗauka zafin abin ne ya hana shi magana, zai yi abin da ya kamata in mun koma gida.

Janairu muka yi Anziyo, muna kai kaya da rana muna kwaso raunanu, har ƙofar goshi ta lanƙwashe. Saboda ita aka maido mu Ingila, kuma cikin ikon Allah aka tura mu gyara nan Falmouth, ƙofar gidanmu, a watan Maris na 1944. Lokacin Inna ta riga ta sa Myrtle ta kwashe kayanta daga ɗakin Denzil, ta koma wurin gwaggonta a Penryn. Da aka ba mu hutu ni na yi gida, shi ya hau bas ya yi Penryn. Abin da suka faɗa wa juna shi da Myrtle ba wanda ya sani, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake yi. Bayan kwana uku ya dawo jirgi da tumbuɗin jariri a kafaɗar rigarsa, bai goge ba. Archie ya ce masa, kai Trembath, wace lambar girma ce wannan, a ina ake rabawa? Ya ce a Penryn, kuma shi kaɗai aka ba.

Yanzu ga maganar ƙararrawa. Kin san, ko wataƙila ba ki sani ba tunda a cikin gonakin alkama kika tashi, in mutumin jirgi ya samu haihuwa, yakan roƙi Kyaftin a yi wa jaririn baftisma a jirgi. Sai a sauko da ƙararrawar jirgin, a juya bakinta sama, a zuba ruwa a ciki, fasto ya yi aikinsa da wannan ruwan. Bayan nan a sassaƙa sunan yaron a cikinta. 'Ya'yan mutanen jirgin kaɗai ake sa wa, ba na maƙwabta ba, ba na abokai ba. Wanda zai zama uban baftisma, wato wanda zai ɗauki alkawarin tsaya wa yaron in ubansa ya faɗi, shi ke riƙe ƙararrawar kada ta karkata. Denzil ya roƙa, Kyaftin ya yarda. Sa'an nan ya sauko ɗakin inji ya same ni ina kwance famfo, ya ce ni yake so in riƙe. Na ce masa ƙararrawar jirgi ba kwanon wankin abin kunya ba ce, kuma ba zan tsaya gaban mutum saba'in da duk sun iya lissafi in mai da kaina abin dariya ba. Haka na faɗa, ban rage miki ko harafi ba. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya buga bangon jirgi da tafin hannu ya ce, Yaya, wannan wa ya ƙera shi? Wasu mata ne a Amirka da ba mu san ko sunansu ba. Ranar da ya fitar da kai daga Salerno ka tambaye shi ɗan wane ne? Na ce jirgi daban, mutum daban. Ya ce haka ne, jirgin ma aro ne za mu mayar, 'yarsa kuwa ba zai mayar ba.

Ranar Lahadin da aka yi, ni ina ƙasa. Na ƙirƙiro wa kaina aiki a famfon da na riga na gyara. Na ji takun mutane a sama, na ji waƙar coci, na ji kukanki sau ɗaya. Da yamma na ji ana bugun ƙarfe a hankali, ƙwas, ƙwas, har wajen awa biyu, na tayar da injin wuta don kada in ji. Daga ranar ba wanda ya ƙara yi mini maganar a jirgin, ni ma ban tambaya ba. Ni da Denzil muka koma gaisuwa da miƙo gishiri.

Ranar shida ga Yuni da la'asar muka isa Normandi da tankokin Kanadawa, muka sauke washegari. A can salon aikin ya canza: a hau yashi, a bar teku ta janye, jirgi ya zauna a busasshiyar ƙasa, motoci su fita, a jira ruwa ya dawo. An kafa gadaje hawa uku a bangon rumfar tankoki, mu je da ƙarfe mu dawo da mutane a kwance. A zuwanmu na huɗu guguwa ta taso, wadda ta yi kwana uku tana farfasa ƙananan jirage. Ranar ashirin ga wata da safe muna ƙoƙarin janyewa, wani ƙaramin jirgi da injinsa ya mutu iska ta kwaso shi ta ɗora kan wayarmu. Denzil ya kori mutanensa biyu daga wurin, shi ya tsaya zai sassauta. Wayar ta tsinke ta same shi a ƙirji. Ba harsashi, ba bam, waya ce, wadda ya shafa wa fenti da hannunsa. Aka kwantar da shi a ɗaya daga gadajen nan, na zauna kusa da shi. Ya tambaya ko an ceto ankar, na ce an ceto, ƙarya nake yi. Can ya ce, Yaya, ka leƙa ƙararrawa kuwa? Na ce zan leƙa. Ya ce, kai dai da taurin kai kamar alfadaran Sisili. Ya cika kafin mu hango Ingila.

Ban leƙa ba, Tamsin. Wata goma sha tara na ƙara a jirgin nan. Mun tsallaka zuwa Faransa sau arba'in da ɗaya, muka koma kai kaya Beljiyam cikin sanyi, bayan an gama yaƙi muka kai sojoji Norwe muka kwaso fursunoni, har aka sallame mu a Janairun 1946. Ƙararrawar tana rataye gaban ɗakin tuƙi, taku talatin daga inda nake shan iska, kullum ina jin ta. Da farko na ce sai zafin rashin ya ragu. Daga baya na gane tsoro nake ji. In na leƙa na ga sunanki da namu, to na ƙi ɗan'uwana a kan abin da ya fi ƙauna. In na ga ba haka ba, to ya mutu da baƙin cikin da ni na kai masa a takarda. Ko wanne ne ba na son gani. Myrtle ta zo gidanmu sau ɗaya da ke a hannu bayan rasuwar, Inna ta ƙi buɗe ƙofa, ni kuma ina hutu, ina zaune a kicin, ban tashi ba. Da ta auri Bakanaden nan, mijinta na biyu, ta tafi da ke, sai muka ce kin ga, da ma mun faɗa. Alhali mu muka rufe ƙofar.

Da wasiƙarki ta zo, Edna ta karanta ta ajiye tabarau ta ce, to Wilfred, shekara ashirin da uku kana juyi a gado kana hana ni barci, ko ka je ka leƙa abin nan ko ka koma kwana a rumfar dankali. Na ce jirgin ai ya daɗe da zama cokula. Ta ce ka tambaya? Ban tambaya ba. Na rubuta wa ƙungiyar tsofaffin sojan ruwa, suka haɗa ni da Archie, wanda ashe yana nan da ransa a wani gari a bakin kogin Clyde. Ya amsa mini da layi huɗu. Ya ce Baho bai koma Amirka ba, wani kamfani ya saye shi ya yi shekara ashirin yana fito da manyan motoci, yanzu kuma yana wurin masu yanka tsofaffin jirage, mil shida daga gidansa, an riga an cinye rabinsa. Ya ce in zan zo in zo a makon nan, kuma in taho da abincina, don ya daina dafa wa marasa godiya.

Kwana ɗaya da wuni na yi a jirgin ƙasa. Archie ya tare ni a tasha, ya tsufa, haƙori huɗu suka rage masa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, ka yi ƙiba, wa ke maka girki yanzu? Muka tafi wurin. Na ga Baho a cikin laka, ba goshi, ba ɗakin tuƙi, rumfar tankoki a buɗe ruwan sama na zuba a ciki. Na ɗauka zan ji wani abu, amma ƙarfe ne kawai mai tsatsa, sai da na hango injin naɗe waya a baya, shi ne na nemi wuri na zauna. Ƙararrawar tana cikin wata rumfa tare da tarin tagulla da za a narkar. Shugaban ma'aikatan ya sa mutum biyu suka juya mana ita. Cikinta ya yi kore shar. Archie ya zaro tsumma da kwalbar ruwan tsami daga aljihu, ashe ya zo da shirinsa, ya miƙo mini ya ce, goge da kanka, ni na yi nawa tun 1944.

Na goge. Suna ɗaya ne tak a ciki, don ba a ƙara yi wa kowa baftisma a jirgin ba. Rubutun a karkace yake, hannun Denzil ne, da kurfi da guduma, ko a makaranta haka yake rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Layin farko, Tamsin Trembath. Na biyu, 'yar Denzil, 26 ga Maris 1944. Na ce wa Archie to na gani, zan miƙe, ya danna kafaɗata ya ce ban gama ba, in ƙara gogewa ƙasa. Akwai layi na uku. An rubuta, uban baftisma, Wilfred Trembath.

Na ce wannan kuskure ne, ni ina ɗakin inji ranar. Archie ya ce ba kuskure, shi ya riƙe ƙararrawar, amma a madadina ya riƙe. Ashe coci ta yarda in uban baftisma ba ya nan, wani ya tsaya ya amsa da sunansa, kamar yadda ake yi wa waɗanda ke bakin daga. Ya ce da fasto ya tambaya ina uban baftisma, Denzil ya amsa cewa wansa ne, yana bakin aiki, ba zai samu hawowa ba. Mutum saba'in suna tsaye, kowa ya san inda nake da abin da ya sa, ba wanda ya yi ko tari. Fasto ya yi tambayoyinsa, Archie ya amsa, ni Wilfred na yi alkawari. Bayan an watse Denzil ya hana kowa gaya mini, ya ce a ƙyale ni, in na huce zan leƙa da kaina. Archie ya ce, ni ɗan aro ne kamar jirgin, kai ne mai kaya, shekara ashirin da uku ina riƙe maka alkawari, karɓi abinka na gaji. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ina da shekara hamsin da takwas, a gaban leburori, da tsumma a hannu.

Shugaban ma'aikatan ya sunkuya ya karanta, ya tambaya ko yarinyar tana raye. Na ce tana raye, har ta haihu. Ya ce to ba a narkar da ƙararrawar da mai sunan ke raye, ubansa ma ɗan teku ne, mu ɗauke ta kafin mai wurin ya dawo daga cin abinci. Na taho da ita a taragon kaya, na cusa wa harshenta safata biyu don kada ta tashi mutane, na iso gida ba safa. Yanzu tana ɗakin baƙi a kan teburin Edna mai kyau, kuma karo na farko a aurenmu na ɗora ƙarfe a teburin nan ba ta ce komai ba.

To ga amsarki. Maganar jini ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, wata goma sha ɗaya ba su koma tara don na tsufa ba. Wadda ta sani ta tafi da saninta, ki bar ta ta huta. Amma tambayar da kika yi ita ce ko Denzil ya ƙi ki. Bai ƙi ki ba. Ya ƙirga, ya sani, ya zauna awa biyu da guduma ya sa ki a inda ba a sa kowa sai 'ya'yan jirgi. Waɗanda suka ƙi ki mu ne, ni da Inna, kuma ita tsohuwa ce mai jin zafin ɗanta, ni ba ni da wannan uzurin. Ina neman gafararki. Ki sa wa yaron Denzil, sunan ya fi ƙarfin duk wanda ya rage a gidanmu. Na kwafe rubutun da takarda da fensir na sa miki a ambulan nan, ki gani da idonki. In kuma za ku iya ƙara haƙuri da baftismar zuwa bazara, ku zo. Na yi magana da fastonmu ya yarda a yi ta a cikin ƙararrawar, Roy ya ce zai ƙera mata mazauni, akwai kuma fili ƙarƙashin sunanki da zai ɗauki layi uku. Archie ya ce zai zo, amma kallo kawai zai yi. Wannan karon ni zan riƙe.

Innarki Edna tana gaishe ki, ta ce ki aiko da awon ƙafar yaron za ta saƙa masa safa, tunda nawa sun tafi a hidimar ƙararrawa. Roy da matarsa Pauline suna gaisuwa, haka Joyce da mijinta da yaran, waɗanda tun yanzu suke faɗa kan wanda zai fara ɗaukar jaririn. Ki gaishe mini da Walter da iyayensa, ki gaishe da mijin mahaifiyarki, ki ce na gode masa da ya yi aikin da ni aka rubuta wa. Ki shafa mini kan Denzil ƙarami. Allah ya tsare ku, ya kawo ku lafiya.

Ni ne Baffanki, kuma ubanki na baftisma, wanda ya makara da shekara ashirin da uku,

Wilfred Trembath